Yadda Na Zaɓo wa Wani Mota a Kano

Mun tashi daga Gure ana idar da sallar asuba, mu uku: ni ina tuƙi, maigidana yana gefena, ɗan ƙanwarsa yana baya kan buhunan kanwa da ɗaurin fatu. Ina rubuta wannan ne saboda ku mutanen Kelle da Gamu da kuka dame ni, duk wanda ya gan ni sai ya ce, shofer, ina sabuwar mota? To ga labarin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura, a ƙyale ni in sha iska. Rubutuna ba na mushe ba ne, wato malamin lakkwal, ban daɗe a makarantar tasu ba ubana ya ba da akuya aka sako ni, saboda haka a yi haƙuri da shi.

Abin da ya kai mu Kano, maigida ya gaji da tsohuwar motarsa. Ni ma na taya shi gajiya, ban ɓoye ba. Tun gemuna yana baƙi nake jan ta. Ruwa take sha kamar raƙumin da ya fito daga hamadar Tenere, ga tari, ga hayaƙi, in za a tashe ta da safe sai na juya manibel, ƙarfen tayar da inji, har kafaɗata ta yi ƙara. Ni ne na riƙa yi masa famfo, yau in ce ta tsufa, gobe in ce ta zama abin kunya. Ran da ya yanke shawara ya ce da ni, “Kai za ka zaɓa, kai za ka tuƙa.” A gaban mutane ya faɗa, a ƙofar kantinsa.

Shi ɗan ƙanwar tasa magidanci ne, ya yi soja a Damagaram, ya ja motocin bariki, an sallame shi ya dawo ba aikin yi. Kafaran muke ce masa, wato kofur. An ce ya zo ne don ya taya mu tura mota a rairayi. Haka aka ce mini.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙafafun shofer ba, tsohuwar motata abin takawa uku gare ta. Na hagu na tafiya ne, na tsakiya na komawa baya, na dama na tsayawa. Wuta kuwa a hannu ake ba ta, da wani ɗan ƙarfe jikin sitiyari. Ko daga barci aka tashe ni aka ce tsaya, ƙafar dama ce za ta amsa kafin ni.

Daga Gure zuwa Gidimuni kun san hanyar, tudun rairayi ne ka hau ka sauka, ka leƙa kwari ka ga dabino da goriba kore shar, ka ɗaga kai ka koma cikin fari. Mun tarar da mutanen da aka kamo aikin tilas suna shimfiɗa ciyawa da kaba kan hanya don motar kumandan, Baturen mulki, gardi, wato dogarinsa, yana zaune a inuwa da bulala kan cinya. Mu muka fara cin moriyar wahalarsu, suka bi mu da ido, ba wanda ya ɗaga hannu. A Gidimuni rake kamar kyauta, muka saya muka sha har haƙori ya mutu. A Mirya muka ci tuwon gero da miyar kuka a gindin tsamiya, mai tuwon tana ta yi wa motata dariya, wai ta ji zuwanmu tun muna bayan gari ta ɗauka maƙera ne suka yi ƙaura. Na taya ta dariya. Yanzu in na tuna, haushin kaina nake ji.

Damagaram ta cinye mana kwanaki a neman takardar ƙetare iyaka. Akawun biro, wato ofishin kumandan, ya ce mu dawo gobe, goben ta zo ya ce kumandan ya fita rangadi, sai da maigida ya aika masa da ƙwaryar dabino kumandan ya dawo. Daga nan Matamai, sai iyaka, inda ’yan duwan suka soke buhunanmu da tsinken ƙarfe kamar masu neman kunama. Kana shiga ƙasar Ingilishi sai a ce ka koma hagun hanya. Me ya sa? Ba wanda ya sani. Bature ɗaya ya ce dama, ɗaya ya ce hagu, jakuna kuwa ko’ina tsakiya suke bi. Hanyar Daura da Kazaure jar tsakuwa ce mai gargada, ta kwance duk wata ƙusa da rairayinmu ya bari.

Kano kuwa sai wanda ya gani. Buhunan gyaɗa an tara su sun fi tudun Gure tsayi, jirgin ƙasa yana kuka, mutane kamar ana rabon gado. Mun sauka a Fagge wurin fatoman maigida. Gurasarsu da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma ruwan rijiyarsu ɗaci gare shi, kuma kome sai da kwabo, har itacen dafa shayi. Takardar kuɗinmu suna juya ta da yatsa biyu kamar tsumma. Shofer a can direba ne, mu kuma ’yan Faranshi, ko da kakanka a Kano aka binne shi.

A Fagge muka sayar da tsohuwar. Wani mai fataucin itace ya saye ta. Da aka gama ciniki ya ja ni gefe, ya ce masu jan irin wannan sun yi ƙaranci, yaran yanzu ba su iya ta ba, ko zan zauna in ja masa, ga ɗaki ga abinci? Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, “Malam, ni sabuwa na zo ɗauka. Nemi wani tsohon ku ƙarasa tare.” Ko waiwayen motar ban yi ba da aka tafi da ita.

Washegari da hantsi muka je kantin Turawan da ke sayar da motoci kusa da tashar jirgi. Fili ne babba da katanga, motoci a jere suna ƙyalli. Baturen bai fito ba, wani makaniki mutumin Ikko ya zagaya da mu, Hausarsa a karye amma bakinsa bai hutawa. Maigida ya so wata ja saboda ƙahonta mai ƙara. Na hana. Na shiga ƙarƙashi na duba, na ƙwanƙwasa, na sa aka tashi injin kowace na kasa kunne. Na tsaya kan wata koriya, mai tsayin ƙafa, cikinta nesa da ƙasa, bodinta na katako mai kauri. Ba ta son manibel, ɗan wani abu ake dannawa ta tashi da kanta. Har yau ina nan kan bakana, ba mota irinta a filin nan. Maigida ya ce, “Abin da ka ce, shi ke nan.” Aka shiga ofis aka gama, aka fito aka miƙo mini mabuɗi.

Na hau. Na dubi ƙasa na ga abin takawa uku, raina ya kwanta, na ce ashe gida na zo. Sandar bites, ta canja giya, ita kawai ce baƙuwa, ita kuwa na sha hangen ta a motocin Damagaram, ko da yake ban taɓa zama kusa da wani shofer ba, ni da nake ganin ba wanda zai koya mini kome. Mutumin Ikko ya leƙo ta taga yana ta zuba, wannan kaza, wancan kaza. Rabi na ji, rabi ban ji ba, ga maigida tsaye, ga fatoma, ga ’yan kallo. Na ce, “Na sani.” Ya sa mini sandar a inda take, ya nuna mini in saki ƙafar hagu a hankali. Ta motsa, lafiya lau, kamar kwalekwale. Na nufi ƙofa.

Sai ga jaki da mangala ya shigo, mai shi yana biye. Ba wani abu ba ne, sau dubu na tsaya wa jaki. Na taka dama.

A sabuwar mota, dama wuta ce.

Ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Na ƙara takawa da ƙarfi, don ƙafata ta rantse tsayawa take yi. Allah ya taimake ni na karkatar da sitiyari, jaki ya tsira, ni kuwa na rungumi ginshiƙin ƙofa. Fitilar hagu ta tarwatse, ƙarfen gaba ya lotse, injin ya mutu. Jaki sai kuka yake ta yi. Can wani daga cikin ’yan kallo ya ce, “Direban Faranshi, sannu da birki!” Aka fashe da dariya.

Maigida bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya zo ya tsuguna ya tsince gilashin fitilar ɗaya ɗaya ya zuba a aljihu, ban san me zai yi da shi ba. Sa’an nan ya ce, “Kafaran, fitar mana da ita.” Kafaran ya matso ya ce, “Baba, ɗan gusa.” Na gusa. Ya ja ta baya, ya fita da ita ƙofar kamar zare a allura. Da la’asar na koma neman mai itace, aka ce ya sami wani Banufe, har sun tafi daji.

A komowa ni ne a baya, kan buhunan gishiri da bandiran akoko. Ban taɓa sanin haka ƙura take shiga kunnen mutanen baya ba, shekara da shekaru ina ɗaukar su. Ba zan ci amanar Kafaran ba, bai yi mini rashin kunya ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. In an sauka shi ke kawo mini ruwan alwala. Bayan mun wuce Matamai muka sami wani faƙo shimfiɗaɗɗe, ba itace ba dabba, ya tsaya ya ce, “Kawu, a bar Baba ya gwada. Abin kwana biyu ne ya saba.” Maigida ya sauka ya tsaya gefe.

Na zauna, Kafaran yana kusa, hannunsa kan birkin hannu kamar mai tsaron yaro bakin rijiya. Na yi ta zagaya faƙon. Na sa bites na biyu, na sa na uku. Ina faɗa a zuci, tsakiya tsayawa, tsakiya tsayawa, kamar mai bitar allo. Na tsaya sau da yawa daidai, har na fara jin iska a ƙirjina. Na juyo na nufo wajen maigida a hankali, ina shirin in tsaya gabansa in sauko in gaishe shi. Ban kai ba ya daka tsawa, “Tsaya!”

Ƙafar ta tafi dama. Kafaran ya fizge birkin hannu, muka yi gaba muka dawo.

Na sauko na ce, “Maigida, wannan ba gwaji ba ne, tarko ne.” Ya ce, “Yaro in zai faɗo hanya, sallama zai yi maka?” Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “Hau baya, Malam, rana tana yi.” Tun da nake da shi bai taɓa kira na Malam ba, shofer yake cewa.

Na sa rai rairayinmu zai rama mini. Na ce bari mu wuce Gidimuni, a ga yadda sojan bariki zai yi da tudu. Sau ɗaya ta kafe, ni ne kuma na sauka na yi haƙa na shimfiɗa kaba. Sauran tuddan ta haye su tana waƙa. Ai ni na zaɓe ta.

Mun shigo Gure ranar kasuwa. Tun daga bakin gari yara suka biyo mu, mata suna guɗa, Mangawa suka bar raƙumansu suka zo shafa ƙarfe. Aka yi ta tambaya me ya sami idonta ɗaya. Maigida ya ce hanya ce. Na gode masa da wannan, ko da yake kafin magariba har masu tallan nono sun san wace hanya. A ƙofar kanti aka kayar da rago aka yanka don sadakar sabuwar mota, liman ya yi addu’a, aka shafa. Na sauke ƙunshina. Maigida ya ce in je in huta tukuna, za mu yi magana. Har yau muna yin ta.

A gidan maigida, ko layya ko suna, duk abin da aka yanka cinya ce kason gidana, a akushi da murfi ake kawo ta. Ran nan da yamma aka yi sallama, aka miƙo tsoka ’yan kaɗan a kan faifai, irin wadda ake bi gida gida ana ba maƙwabta. Mai ɗakina ta tsaya da faifan a hannu ta dube ni. Ta ce, “A dafa ko a mayar?” Na ce, “Dafa. Yara ba su taka kome ba.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ga Kano, na ga jirgi, na ga yadda ake tara gyaɗa, duk ba su ƙare ni da kome ba. Guda ɗaya na riƙe: in maigidanka ya fara raina abin da kake aiki da shi, kada ka taya shi, don tare kuka tsufa, kuma shi ya lura ko kai ba ka lura ba. Wanda ya san mai irin tsohuwar motar nan, ko a Maine ne ko a Gashuwa, da ke neman mai ja, ya aiko mini. Kullum ina gida.