Ranar da matan Hindawiyya suka tsallake Bashir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina shanya waya ta shigo daga Makka. Kawu Bashir ne. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Maryam, Hajja ta tafi."

Hajja Kulu, mahaifiyarsa. Ba kakata ta jini ba ce, gara in faɗa tun yanzu kada a yi ta yi mini ta'aziyyar jika. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Mansur, can Makka. A kan tabarmarta na tashi, har aka dawo da ni Kano karatu.

Ita ke ajiye mini ƙanzon shinkafa a murfin tukunya.

Duk jarabawar da na rubuta a jami'a, sai na kira ta a tsorace. Sai ta ce, "Ke zuciyarki ta zomo ce. Sha ruwa, halas, shi ke nan." Ranar da sakamakon digirina na lauya ya fito, guɗa ta yi a waya har tari ya sarƙe ta.

Akwai labarinta guda ɗaya da nake so ku sani. Daga bakinta na ji shi, na kuma ji daga bakin Inna Delu, wadda abin ya faru a kanta. A shekarun 1960 ne, ban samu takamaiman shekarar ba. Hajja ta ce bayan aikin hajji ne, Inna Delu ta ce gab da azumi ne. Na kasa tantancewa, don haka na bar shi haka.

Lokacin suna unguwar Hindawiyya a Makka, a ɗakunan kwano da katako. Zazzaɓi ya shigo wa yaran unguwa, wasu har sun rasu. Kawu Bashir yana ɗan yaro shi ma ya kwanta, kuma cikin zafin ciwo sai kiran suna ɗaya yake yi: "Delu, Delu."

Delu yarinyar mace ce mai tuyar ƙosai a bakin lungu. Mijinta ya rasu a hanyarsu ta zuwa hajji, a ƙasar Sudan, ta ƙaraso ita kaɗai. Ba dangi, ba takardar zama.

Kun san yadda mutanenmu suke ɗauka. In marar lafiya ya ambaci sunan wani, to wannan ne ya kama masa kurwa. Kafin azahar magana ta zaga. Wata ta ce ta ga irin kallon da Delu ta yi wa ɗanta. Wata da ta ci ƙosanta da safe ta fara riƙe ciki. Aka jawo Delu har ƙofar Hajja, aka ce sai ta tsallake yaron ta sakar masa kurwa, kamar yadda ake sa mayya ta yi a gida.

Ku duba yadda abin yake. In ta tsallake ya warke, ta tabbata mayya. In ta ƙi, mayya ce mai taurin kai. In ya mutu, ita ta cinye shi. Ta kowace hanya babu mai sake sayen ƙosanta, kuma wasu maza sun fara cewa a kira askarawa a sa ta jirgin ruwa a Jidda. Inna Delu ta ce mini, "Jirgin ya kai ni wajen wa?"

Hajja ta fito da Bashir a kafaɗa, ta shimfiɗa shi a inuwar bango. Ta ce, "To, tunda tsallake magani ne, ɗana ne, ba zan yi masa rowar magani ba. Kowa zai tsallake. Ni ce farko."

Ta tattare zane ta tsallake ɗanta.

Sannan ta juya wajen matar da ta fi kowa ɗaga murya. "Yaya Ladi, bismillah."

"Ni? Kulu, ni kike kira mayya?"

"Wa ya kira ki? In ba ke ba ce, me zai ci ki? Yalla, yi sauri, rana tana dukan yaro."

Daga nan wadda ta ƙi ita za a kalla. Haka suka yi layi, tsofaffi da masu goyo, kowa tana tsaki tana tsallakewa. Delu ta wuce a tsakiyarsu kamar kowa. Da aka gama Hajja ta goya ɗanta ta tafi asibiti.

Ya warke. Babu wanda ya iya cewa ƙafar wa ce.

A aji mun karanta shari'o'in mayu da aka yi a ƙasashen Turai. Ana jefa mace a ruwa, in ta taso mayya ce, in ta nutse ba ta da laifi. An karɓi mafarki da sambatun yara a matsayin shaida, an kashe mutane a kai. Sai daga baya kotuna suka koma cewa zargi sai da hujjar da za a iya gwadawa. Dokarmu ta yau ma ta hana irin wannan gwaji, ta kuma hana a jefi mutum da maita. Ranar da lakcara yake bayanin nan, lungun Hindawiyya nake gani.

Ba na cewa Hajja ta canza wata doka. Ba ta canza ba. Lungu ɗaya ne, mace ɗaya. Kuma Hajja ta ce bayan nan ma akwai waɗanda suka daɗe suna janye 'ya'yansu in Delu za ta wuce.

Ganina da ita na ƙarshe a umarar azumin bara ne. Ƙafa ta ƙi, amma baki yana nan. Kawu Bashir ya shigo da shayi bayan buɗa baki, na tambaye ta me ya sa yake kiran Delu a ranar.

Ta ce, "Ƙosai yake so, makwaɗaici. Kullum ita ke ba shi gyara."

Kawu ya ce, "Ke dai kin cuce ni, Hajja. An ce in aka tsallake yaro ba ya tsawo, ke kuma kika tara mini matan unguwa kaf. Dubi inda na tsaya."

"Ubanka ma gajere ne, wa ya tsallake shi?"

Muka yi ta dariya. Da ya fita sai na yi mata tambayar da na daɗe ina jin nauyinta. Na ce, "Hajja, ke a ranar kin yarda Delu ba ta da hannu?"

Ta juya kofin da ke hannunta. Ta ce, "Ya binti, 'yata, tsoro nake ji kamar kowa, ban san komai ba. Abu ɗaya na sani. In Allah ya karɓi Bashir, ba na son a binne mutum biyu."

Ina kuka yau, amma raina a kwance yake. Ta tsufa cikin mutuncinta, ta cika a ɗakinta, kuma bayan la'asar za a sallace ta a Harami kamar yadda ta daɗe tana roƙo.

Inna Delu ba ta hau jirgin nan ba. Ta sake aure, jikokinta sun cika unguwar Utaibiyya. Kawu ya ce ɗazu aka kawo ta a keken guragu wajen wanka, ta ce babu mai riga ta. Aka riƙe mata hannu, ita ta zuba wa Hajja ruwan farko.

Allah ka gafarta wa Hajja Kulu. Yadda ta rufa wa baiwarka asiri a tsakiyar jama'a, ka rufa mata nata. Ka sanyaya makwancinta, ka ba Kawu Bashir da Inna Delu haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa ta a addu'arsa ta yau. Sunanta Hauwa'u.