Injin busar da albasa

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun shige mini, don an jima. Da na gama jami'a na buɗe ɗan kamfani a Sabon Birni, ina sayen albasar manoman Gatawa ina kaiwa Nijar. Gwamnati ta tallafa wa irinmu masu fitar da kaya waje, ni aka ba ni injin busar da albasa. Kafin ya iso, 'yan bindiga sun kori manoman, wasunsu a zaurena suke kwana. Wani dattijonsu ya dubi akwatin injin ya ce, "Ɗana, mu ɗora tabarminmu a kai?" Na ce to. Kullum nakan ce zan buɗe shi, har yau ban buɗe ba. Wanda ya shaida, in na kuskure, ya aiko mini da gyara.