Mai Riƙe wa Maigidana Fitila

Da maigidana ya yi ritaya muka koma Kurudu, na zaci kiwon kaji zai kama kamar sauran abokan aikinsa. Sai ya kama ɗaukar hoton ƙwari. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ofis, yau ga shi durƙushe a gindin kuɓewa yana leƙen idon fara. Da farko dariya na yi ta yi masa, har ranar da ya nuna mini fuskar ƙwaron nan mazari ta cika allon kwamfuta. Daga ranar ban sake yi masa dariya ba.

Aikin nan mutum ɗaya ba ya iya shi, a yadda yake yin sa. In aka matso da kyamara dab da abu ƙarami, wurin da ke fitowa raɗau bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba, saura duk dishi-dishi. Don haka ba ya murza gilashin kyamarar. Saita shi yake yi sau ɗaya, sannan ya riƙa kai jikinsa gaba yana dawowa a hankali, har idon ƙwaron ya fito, sai ya danna. Filashar kuma, wato fitilar da ke walƙa haske, ba a kan kyamarar take ba, a hannun wani take, daga gefe. Ba ta auna haske da kanta. Ƙarfin da ya sa mata shi za ta bayar, in ka matso da ita hoto ya yi fari fat, in ka ja baya ya yi baƙi. Ga shi sai an danna take haskawa, shi ya sa ya ɗaure mata 'yar tocila da roba, don ya ga abin da yake nema kafin ya danna.

Ni ce mai riƙewa ta farko. Bayan la'asar mukan zauna a falo, ya ɗora ƙwayar ridi ko ɗan kunnena a kan tebur, in riƙe fitila, muna hirar yara. Abin da ba ya motsi ba ya ba ni wahala, kuma ina son zaman nan fiye da yadda na taɓa gaya masa. Gona ce ta tona mini asiri. Ƙwaro ya matsa, in miƙa wuya in ga inda ya yi, fitila ta bi wuyana. Ƙudan zuma ya taso, in yi baya da ihu. Ga baki, don ni ban iya tsayuwa shiru ba. Muka dawo da hotuna rabi fari rabi baƙi, yana cewa ba komai, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai.

Nan maƙwabcinmu ya shigo. Dattijo ne mutumin Filato, tsohon direban gwamnati, matarsa ta rasu, yaransa sun watse. Wata Asabar ya leƙo ta katanga ya tambayi abin da oga ke nema a ƙasa, maigidana ya miƙa masa fitilar don wasa. Shi ke nan. Tun daga ranar, duk Asabar da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwari ba, sai in ji ƙwanƙwasa ƙofa. Ran Lahadi ma daga coci gidanmu yake zarcewa, su zauna kai da kai suna duba abin da suka ɗauko.

Ban taɓa tsammanin zan ji kishin dattijo mai furfura ba, amma na ji, kishi mai hana cin abinci. Nakan tsaya a tagar kicin ina kallonsu a gonar bayan gida. Ba sa magana ko kaɗan. Maigidana ya sunkuya, dattijon ya sunkuya. Ya gusa hagu, dattijon ma ya gusa. Can sai haske ya walƙa, su miƙe tare, su kalli bayan kyamara, su yi 'yar dariyar da ba ni a ciki. In na kai musu shayi nakan dangwarar da tiren da ƙarfi. Dattijon ya ce, “Sannu, Hajiya, Allah ya saka,” ni kuwa in amsa a daƙile. Bawan Allah bai yi mini komai ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Sai dabara ta zo mini. Na tuna masu ɗaukar hoton biki ba sa ɗaukar mutum ya riƙe musu fitila, ƙarfe ne da su mai ƙafa uku. Na shiga tasi har Kasuwar Wuse, na yi ta bin layi ina kwatance da hannu har aka gane abin da nake nufi. Na rungumo shi zuwa gida ina jin daɗi. A lissafina, in ƙarfe zai riƙe fitila, ba sauran dalilin ƙwanƙwasa mana ƙofa ran Asabar.

Maigidana ya yi murna ƙwarai. Asabar na zuwa suka fita da shi, shi da dattijon, don su gwada. Kafin rana ta ɗaga suka dawo da shi a kafaɗa. Ashe ƙarfe ba ya bin ƙwaro. Kafin a ɗaga ƙafafunsa a sake kafawa, fara ta yi tsalle ta bar garin, ga ƙasar gona ba ta daidaita ba. Maigidana ya jingine shi a falo, ya ce amma fa a nan zai yi amfani sosai.

Da la'asar ya ɗora ƙwayar gero a kan tebur. Na goge hannuna na zo zan karɓi fitila kamar kullum, na tarar ya riga ya ɗaure ta a kan ƙarfen.

“Kin ga yanzu kin huta,” ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. “Wannan ko motsi ba ya yi.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabon kyautata yake yi. Na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bayan kwana biyu na tare dattijon a bakin ƙofa, na aje girman kai na tambaye shi yadda yake bin ƙwaro da fitila ba ya kuskure. Ya yi dariya, ya ce shi ai idonsa ya gaji, galibi ko ganin ƙwaron ba ya yi.

“Kafaɗar oga nake kallo, Hajiya. In ƙwaro ya tafi, oga zai bi shi, ni kuma in bi oga. In ya riƙe numfashi, kafaɗa tana tsayawa, na san zai danna ke nan, sai ni ma in tsaya.”

Ya faɗa kamar ba wani abu ba, ya wuce gidansa. Ni kuwa na koma ciki ina juya maganar. Tun ina yarinya nake zaune da mutumin nan, na san tarinsa, na san takunsa, na san yadda yake aje cokali in miya ba ta yi masa ba. Amma duk zaman da muka yi ina riƙe masa fitila, ƙwaro da ridi nake kallo, ban taɓa lura yana ɗauke numfashi ba.

Da la'asar ɗin nan na tsaya a ƙofar falo. Yana sunkuye a kan tebur, ƙarfen na tsaye a inda nake tsayawa. Na zuba wa kafaɗarsa ido. Ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba, sannan ta tsaya cak. Na ji ni ma na riƙe nawa numfashin. Haske ya walƙa, hoton ya fito daidai, hannuna kuwa ba komai a ciki.