Ɗanyen kifin Hajiya da tsohuwar kulata

Ina buɗe kular abincina a ofis jiya da azahar, sai sabuwar shugabarmu da aka turo Ikara daga Kaduna ta toshe hanci. Ita kuwa a gabanta ga 'yar robar da direbanta ya sayo mata, shinkafa mai sanyi da ɗanyen kifi a kai. Wai sushi, abincin mutanen Japan.

Ta ce, "Maman Hauwa, tsohuwar kular nan taki mai warin daddawa, ki jefar da ita mana. Zan ba ki sabuwa."

Na ce, "Hajiya, kifin da ko wuta bai gani ba kike ci, ban ce miki uffan ba. Kular nan shekara tara maigidana yana ɗauro ta a mashin daga Saulawa, ya kawo mini tuwo da zafinsa. Wayar ƙarfen da ke riƙe da hannun kular ma shi ya ɗaura. Watansa biyar da rasuwa."

Ta ajiye tsinkayen da take ci da su.

Har yanzu raina bai huce ba. Yau ma da kulata na zo, kuma a kan teburina na buɗe ta.

Jama'a, don Allah, ni ce na yi rashin kunya?