Jan Fenti a Gonar Baffa

Shekarar da na gama jami'a kuɗin mai sun cika ƙasa, kowa ya zama ɗan kwangila. Ni ilimin muhalli na karanta. Na iya ɗibar ƙasa in auna ƙarfinta, na iya ƙirga itatuwa in faɗi amfanin kowanne. Aka ɗauke ni aiki a wani shirin noman tarakta da aka kawo ƙauyukanmu na wajen Zango, gonar Baffa, yayan mahaifina, tana ciki.

Gawo goma sha ɗaya ne a gonar, kuma su ke riƙe da gidansa. Da damina gawo yakan zubar da ganye ya zama taki, da rani shanu su kwanta a inuwarsa su bar kashi. Geron da ke gindinsa sai ya shanye mutum. Baffa bai taɓa shiga aji ba, amma ko reshe bai yarda a sara ba.

Da na ji za a kawo katafila ta share wa tarakta gonaki, ni kuwa sarkin ilimi sai na ce bari in kare su da takarda. Na zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti.

Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, me za ka shafa musu?"

Na ce, "Alama ce kawai, Baffa, don kada in ƙirga ɗaya sau biyu. In manya suka ga rahotona, ba mai taɓa su."

"To, ku ne 'yan boko. Bismillah."

Sati uku ina fama. Na auna ƙasar gindin gawo, na auna ta fili, bambancin ko makaho ya shafa ya ji. Na kai wa shugaban shirin rahoto a ofishinsa na Daura, wani mai ƙaton tumbi da bai taɓa sa ƙafa a kunyar gona ba. Ya ce madalla, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Shekara uku ana koya mini awo, ba wanda ya taɓa gaya mini cewa a aikin masu katafila duk itacen da aka shafa wa jan fenti na tumɓukewa ne. Ranar da Baffa ya tafi cin kasuwa suka shiga gonar. Kafin in iso a babur, saiwoyi na kallon sama, duka sha ɗayan.

Na faɗa ofis ko sallama babu. "Yallaɓai, ka ma karanta rahoton nan kuwa?"

Ya ce, "Tarakta ba ta kewaye itace, samari. Kuma wa ya sa musu alama? Ni?"

Wallahi da ba don tarbiyya ba da na kifa masa teburin nan. Haushinsa nake ji har gobe, amma haushin kaina ya fi.

Tarakta ta birkice jigawa, iskar ruwan farko ta binne shuka. Bayan damina biyu taraktar ta lalace, aka janye ta, masu shirin suka watse abinsu. Gero ya tsaya iya gwiwa. A shekara ta uku rumbun Baffa ya ƙare tun kafin a yi shuka. Mutumin da maƙwabta ke zuwa awo gidansa, shi ne ya aiko a ce in taimaka masa da buhu ɗaya.

Na kai masa da kaina. Ya shafa buhun, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Karatu ya yi rana."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Gara ma a ce zagina ya yi.