Hure Jabal da Dutse Mai Aman Wuta

A unguwar Ka'akiyya da ke birnin Makka, idan baƙo ya tambayi gidan Hajiya Hure, sai a ce masa, "Wacce daga ciki?" Amma idan ya ce Hure Jabal, ko mai gasa burodi na bakin titi zai nuna masa ƙofar. Jabal shi ne dutse da Larabci, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. Maƙwabciyata ce, daga bakinta da na ɗanta Dawuda na ji abin da zan faɗa.

A unguwar Misfala, nan cikin Makka, aka haife ta. Mahaifinta mutumin Gumel ne, wanda ya taso da ƙafa tun yana saurayi, ya ratsa Chadi da Sudan yana tafiya yana tsayawa ƙwadago, har ya ƙetare teku ya iso Makka, bai kuma koma gida ba. Hure ta gaji ƙafarsa. Ba ta taɓa ganin Gumel ba. Hausarta ta cikin gida ce, wadda aka dama da Larabcin Hijaz, har takan fara magana da wannan harshe ta ƙarasa da wancan ba tare da ta lura ba.

Da wannan ƙafa da wannan harshe ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Lokacin aikin Hajji tana Mina, riƙe da laima mai ɗaure da jan ƙyalle, tana jagorantar matan Najeriya da na Nijar daga tantuna zuwa wurin jifa, ta kuma komo da su. Idan an watse, sai ta koma kan duwatsu. Duk tsohuwar da ta zo Umara tana burin ganin kogon Hira, ko kogon Dutsen Sauru, amma tana tsoron hawa, wurin Hure ake kai ta. Takan riƙe hannun mutum tana ba shi labari, tana zolayarsa, har sai ya ɗaga kai ya ga ya iso. Ta hau duwatsun Makka iyakar hawa, har waɗanda ba su da suna sai a bakin makiyaya.

A shekarar 2017 gwiwarta ta dama ta fara gardama. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce mata hawa bai cika cutar da ita ba, sauka ce ke cinye gwiwar, saboda haka ta yi sallama da duwatsu. Hure ta zauna ta yi ciniki da shi kamar mai sayen atamfa.

"Ɗaya kawai, ya daktor. Dutse ɗaya, in yi bankwana."

"Ɗaya," in ji likitan, bayan ya gaji. "Ki zaɓe shi da kyau, domin daga shi babu wani."

Daga ranar, Hure ba ta da wata magana sai ta dutsen ƙarshe. Ba ta son wanda ta taɓa hawa. Tana son sabo, kuma wanda ya cancanci a rufe aikin rayuwa da shi.

Wanda ya fara kawo tayi shi ne Rakan, ɗan ƙanenta. Rakan yana da mota mai hawa tudu, kuma a lokacin sanyi yakan kwashi matasa masu yawo da jaka a goye, ya kai su can bayan Ɗa'ifa, wajen baƙin filin duwatsu da ke kusa da ramin Wahba. Akwai wani tsauni a can, in ji shi, wanda jikinsa duk baƙar tsakuwa ce mai laushi. Mutum ya hau da ƙafa, sa'an nan ya zauna kan falankin katako ya sulalo ƙasa kamar iska. Rakan ba ya jin Hausa sosai, don haka da Larabci ya faɗi sunan irin dutsen: burkan.

Hure ta ajiye kofin shayinta.

"Burkan? Wanda nake gani a talabijin yana tafasa?"

"Gwaggo, wannan ya mutu tuntuni, wallahi..."

"Kai ma haka za ka ce ranar da zai farka. Ni da na yi shekaru ina roƙon Allah ya nisanta ni da wuta, sai in ɗauki ƙafata in kai kaina bakinta? A kan katako kuma, kamar gawa? Tashi ka ba ni wuri, ya waladi. Gaishe da babanka."

Rakan ya tafi yana dariya, ya ce tayinsa yana nan.

Ba a daɗe ba wani saƙon murya ya zagayo wayoyin matan unguwa. Mai maganar wani ɗalibi ne daga Zariya, Awwalu, wanda yake karatun Shari'a a Makka. Yakan haɗa 'yan'uwansa ɗalibai da iyalansu lokacin hutu, su ɗauki motar haya da guzuri a jaka, su fita ganin ƙasa. Cikin tatacciyar Hausa ya sanar da cewa tafiyar wannan karo za ta kasance zuwa wani dutse mai aman wuta.

Hure ta sa aka maimaita mata saƙon, ta sake sa aka maimaita. Fuskarta ta washe.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. A Hausa, idan kalma ta ƙare da "ai" aka liƙa mata "n" ta mallaka, sai "i" ta faɗi. Mai ya zama man, kamar a man shanu. Kai ya zama kan, kamar a kan dutse. Haka amai yake zama aman. Dutse mai aman wuta, ke nan, shi ne dutsen da ke amayar da wuta daga cikinsa, kuma duk wanda ya tashi yana sauraren labaran rediyo da Hausa ya san haka. Amma Hure a Misfala ta tashi. A kunnenta, aman kalmar Larabci ce mai jan wasali, wadda take ji a addu'a kullum, ma'anarta aminci da tsira. Abin da ta ji shi ne: dutse mai aminci daga wuta.

"Ka ji suna!" ta ce wa Dawuda. "Ni ban ce ibada ba ce, kada wani malami ya kama ni. Amma mutum ya rufe hawansa da dutse mai wannan suna, ai kyakkyawan fata ne."

Dawuda, wanda Hausarsa ba ta kai ta uwarsa ba, ya yarda cewa sunan yana da daɗi.

Duk da haka ba ta miƙa wuya nan take ba. Ta aika aka kira Awwalu, ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi masa tambayoyi irin na wadda ta san aikin jagora. Wa ke tafiya a bayan ayari? Ruwa fa, kowa da nasa ko a mota ake bari? Idan tsohuwa ta gaji, jiranta ake yi ko a ce ta zauna a dawo a same ta? Awwalu ya amsa duka cikin ladabi, ya ce shi da kansa yake zama na ƙarshe. Wannan ya yi mata daɗi. Sa'an nan ta zo kan babbar tambaya.

"Ɗan nan, da gaske mai aman wuta ne?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya. Masana sun tabbatar."

"Masana ma sun tabbatar! To, wuta ba ta taɓa mutum a can?"

"Ko kusa, Hajiya. Mun sha zuwa, babu wanda ko ɗumi ya ji. Sai ma sanyi, ki taho da mayafi mai kauri."

"Halas, magana ta ƙare," in ji Hure, ta tafa hannu. "Kai na zaɓa. Ina da ɗan ƙane mai son ya kai ni burkan, ka ji rashin hankali."

Awwalu ya buɗe baki zai yi magana, amma ta riga ta juya tana kiran a kawo masa shayi da dabino, shi kuma ba ya katse babba. Ya ɗauka dai wani dutsen dabam take nufi.

Ranar tafiya, Hure ta riga kowa shiga mota, Dawuda na biye da ita, da jakar goyo da ta aro wurin jikarta, da tsohuwar laimarta mai jan ƙyalle. Tun daga hawan Ɗa'ifa take raha da matan ɗalibai, tana rarraba musu ƙosai, tana gaya musu sunan kowane tsauni da suka wuce. Da suka bar kwalta suka shiga jeji, sai ƙasa ta sauya. Ja ya ƙare, baƙi ya fara. Ko'ina duwatsu ne masu ƙofofi kamar soso, wasu a murɗe kamar igiya, kamar an narkar da ƙasar an bar ta ta daskare. Hure ta zuba wa wurin ido ta taga.

"Wannan wuri kamar an yi gobara," ta ce.

Motar ta tsaya a gindin wani baƙin tsauni mai siffar tulin gero. A gefe ga wata mota a ajiye, an jingina falankai a jikinta. Hure ta san motar. Ta kuma san mai rawanin da ke fitowa daga bayanta da baki buɗe.

"Gwaggo! Kin zo!" Rakan ya rugo yana ihu. "Wallahi na san za ki zo burkan ɗina!"

"Burkan ɗin wa? Ni dutse mai aman na zo. Awwalu, gaya masa."

Awwalu ya dubi Rakan, ya dubi Hajiya, sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ki gafarce ni. Aman nan... ba na Larabci ba ne. Amai ne. Irin wanda mutum ke yi idan cikinsa ya ɓaci."

"Amai?"

"Amai, Hajiya. Dutsen ne yake yin aman wutar. A da can."

Hure ta ɗaga kai ta dubi tsaunin tun daga gindi har ƙololuwa. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta sa ta dafa motar Rakan tana share hawaye da gefen mayafi.

"La ilaha illallahu! Na ƙi dutse da Larabci, na biyo shi da Hausa! Dawuda, kai ma jakin ne, ba ka ji ba?"

"Umma, ai ke kika koya mini Hausar."

Da dariya ta lafa, Dawuda ya ce su koma, a nemi wani dutsen wata rana. Hure ta tsuguna ta ɗebi baƙar tsakuwar, ta murza ta a tafin hannu. Sanyi ƙalau. Ba ta taɓa taka irinta ba.

"Sabo nake nema, ga sabo," ta ce. "Yalla, mu je. Awwalu, koma baya inda ka yi alkawari."

Hawan ya yi wuya, domin ƙafa takan nutse, mutum ya taka gaba tsakuwa ta janyo shi baya. Amma Hure ce a gaba, laima a sama, tana yi wa matasa kirari tana cewa wanda ya bari tsohuwa ta riga shi kada ya ci abincin rana. Da suka kai ƙololuwa, ta ga bakin dutsen, wani wawakeken rami shiru, iska kawai ke kewaya cikinsa. Ta ga baƙin fili shimfiɗe har iyakar gani. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala da ƙarfi, matan suka yi guɗa.

Sa'an nan aka zo sauka. Taku kaɗan ta yi, gwiwar ta soke ta har sai da ta zauna. Ta gwada kuma, ta sake zama. Gangaren yana da tsawo, tsakuwa tana zamewa, ba wanda zai iya goyon mutum a kai. Dawuda ya rikice. A lokacin ne Rakan, wanda ya biyo su da mutanensa, ya ajiye falanki a gabanta.

Hure ta harare shi. Ta harari falankin.

"Likita cewa ya yi sauka ce ke cin gwiwa," ta faɗa a hankali, kamar mai warware fatawa. "Wanda ya zauna kuwa, ai bai taka ba."

"Bai taka ba, Gwaggo."

"To, ɗaura mini abin idon nan, mara kunya."

Rakan ya sa mata tabarau da safar hannu, ya nuna mata yadda za ta miƙe ƙafafu, ta riƙe igiya, ta kwanta baya idan gudu ya yi yawa. Ta tattare abayarta ta cusa ƙarƙashinta, ta miƙa wa Awwalu laima, ta yi bisimilla. Rakan ya hau nasa falankin a gefenta, ya ɗan tura ta.

Dawuda ya gaya mini cewa da farko a hankali ta tafi, sai falankin ya ɗauki gudu, baƙar ƙura ta tashi a bayanta kamar hayaƙin jirgin ƙasa. Suna jin muryarta tana gangarawa, salati da Larabci, ihu da Hausa, can kuma sai guɗa. Ba ta kwanta baya ba ko sau ɗaya. Ta riga Rakan isa ƙasa, falankin ya tsaya cikin tsakuwa, ta mirgina gefe a hankali. Da suka iso a guje, suka tarar da ita zaune, baƙi ƙirin tun daga goshi har haɓa, haƙora kawai ke haske.

"Rakan," ta ce tana haki, "wannan katakon naka, nawa ne irinsa a motar?"

Da ta koma asibiti, likita ya tambaye ta ko ta yi bankwanar. Ta ce ta hau, amma ba ta sauka ba, sauko da ita aka yi, don haka alkawarin dutse ɗaya bai fara aiki ba tukuna. Likitan ya duba gwiwar, ya ga ba ta ƙara lalacewa ba, ya girgiza kai ya ce shi dai ba da bakinsa ba.

Tun daga lokacin, da zarar sanyi ya shigo, matan Ka'akiyya sukan zo su tambaye ta wa ya kamata su bi cikin samarin nan biyu. Takan gyara zama ta ce su hau da Awwalu, domin ba ya barin kowa a baya, su sauko da Rakan. Har yau kuma, idan za ta ambaci dutsen, sai ta ja wasalin nan da gangan, tana kallon Awwalu ta gefen ido.