Ƙarfen Canjin Layin Baba Bobboi

A Lokuwa kowa ya san Baba Bobboi da jirgin ƙasa, a garin da jirgi bai taɓa shigowa ba. Nasa na gwangwanin kifi ne, tayoyinsa murfin kwalba, layinsa wayar keke da ya kafa a kan dogon katako mai gangara a zaurensa. Ni bakanike ne, na daɗe ina masa kallon tsohon da ya rasa abin yi. Wata rana sha'awa ta kama ni, na ce ya koya mini.

"Mu'azu, kowane sabon shiga da kan jirgi yake farawa," ya ce. "Wauta! Fara da layi. Tsinke ɗaya za ka auna faɗinsa da shi har ƙarshe. Tarago biyu ya ishe ka. Fenti kuwa, sai jirgi ya sauka sau goma bai faɗi ba."

Na bi, ko da yake faɗansa ya fi koyarwarsa yawa. Wuri ɗaya ya hana ni taɓawa: inda layin ya rabu biyu, ake jan ɗan ƙarfe a karkatar da jirgi. A reshen hagu ya ajiye ƙaramar kurar turawa da dunƙulen laka a kanta. Kullum bayan la'asar sai ya saki jirgin, ya ja ƙarfen, jirgi ya bi dama. Ba ya murmushi, ajiyar zuciya kawai yake yi.

'Yarsa Hapsatu ce ta warware mini. Da can Baba mai canjin layi ne a wata ƙaramar tasha. Wata rana ya makara wajen jan ƙarfe, jirgin kaya ya hau kurar da ma'aikata ke turawa a kan layi, abokinsa John yana ciki, nan ya rasu. Baba ya gudo gida don kada ya sake jin kukan jirgi, amma kafin shekara ya fara tara gwangwani. Shekara talatin ke nan kullum yana ceton John.

Bara hannunsa ya fara rawa. Wata Laraba ya kama ƙarfen, yatsun suka ƙi. Ya dube ni, tsoro ƙarara a fuskarsa.

"Zo ka ja. Sai na ce yanzu."

Ya saki jirgin, ya ce yanzu. Na ja, amma jirgin ya riga ni. Ya bi hagu, ya doki kurar, lakar ta faɗo ta tarwatse.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina jiran zagi, sai Baba ya durƙusa yana tsince guntayen.

"Kana kallo fa?"

"Wallahi idona na kai, Baba."

"Hannunka kuma lafiya lau."

Ya daɗe a durƙushe, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe mai lafiya ma, yana kallo, yana iya makara."